Likitan yara da ya riƙe Jami'ar Ahmadu Bello: tambayoyi a kan Ishaya Audu da ƙofar karatun likita

Yaya likita ke tashi daga duba majinyata ya koma shugabancin jami'a?

Ba dare ɗaya ba ne. Malamin kwalejin likitanci yakan zagaya ɗakin majinyata da safe, ɗalibai na biye da shi, da rana ya shiga aji, da dare ya zauna rubuta bincike. Da binciken ne yake hawa daga lakcara zuwa farfesa. Shugabancin sashe da na tsangaya kuwa wani fage ne daban, na kasafin kuɗi da manhaja da sasanta manyan malamai. Sau da yawa gwanin tiyata yakan zo nan ya kasa.

Wane ne Ishaya Audu?

An haife shi a Anchau a 1927, ya yi karatu a Wusasa, sannan Ibadan da Landan, ya ƙware a likitancin yara. Yana koyarwa a Jami'ar Legas aka kira shi Zariya a 1966, bai cika shekara 40 ba, ya gaji Norman Alexander, shugaban Jami'ar Ahmadu Bello na farko. Shi ne ɗan Nijeriya na farko da ya shugabanci jami'ar, ya riƙe ta har 1975. Shekara ɗaya da zuwansa, a 1967, aka buɗe tsangayar likitanci.

To, tunda an buɗe tsangaya, ina matsalar?

Gini ya samu, masu shiga ne babu. A lokacin, sai ɗalibi ya ƙara shekara biyu bayan sakandare ya ci babbar jarrabawa kafin jami'a ta ɗauke shi, makarantun Arewa masu irin wannan aji kuma kaɗan ne, balle masu ɗakin gwaje-gwajen kimiyya. Yaro mai kaifin basira daga Gumel ko Argungu sai ya maƙale, ba don ya gaza ba, sai don makarantarsa ba ta da malamin kemistiri. Abin da jami'ar ta yi a zamaninsa shi ne ta kafa makarantar share fage a cikin harabarta, ta ɗebo waɗanda suka gama sakandare, ta koyar da su da kanta, wanda ya ci ya wuce digiri. Har yanzu jami'ar tana da makarantar share fage a Funtuwa.

Wannan ba sassauta ma'auni ba ne?

Zargin ya daɗe, kuma bai kamata a yi watsi da shi ba, domin ran mutane ake damƙa wa likita. Amma a ganina ana haɗa abu biyu ne. Ma'aunin shiga yana nuna irin makarantar da yaro ya fito, ma'aunin fita yana nuna abin da ya iya. Ɗan share fage da wanda ya shigo kai tsaye jarrabawa ɗaya suke zaunawa, gawa ɗaya suke feɗewa a ajin sanin sassan jiki. Inda za a ji tsoro shi ne ranar da aka fara ɗaga wa wani ƙafa a jarrabawar ƙarshe.

Me ya sa har yau gurbin likitanci ke wuyar samu?

Domin ba kujerar aji ce kaɗai ake ƙirgawa ba. Hukumar kula da likitoci da likitocin haƙori ta Nijeriya ce ke yanke wa kowace kwaleji adadin ɗaliban da za ta ɗauka, tana duba yawan malamai da kayan aiki da gadajen asibitin koyarwa. Tsarin ɗaukar ɗalibai a jami'o'in tarayya ya ware kashi 45 ga cancanta, 35 ga jihohin da ke kewaye da jami'a, 20 ga jihohin da aka bari a baya a ilimi, sai dai rabon abin da ke akwai ne kawai. Shugaban kwalejin da ke son ƙarin gurbi dole ya nemo gadaje, ya kuma riƙe ƙwararrun malamansa, waɗanda Saudiyya da Ingila ke zawarcinsu.