Mitoloji: Kalmar da Muke Ta Fassarawa da Tatsuniya

Tun da aka fara nuna shirin Percy Jackson a Disney+ cikin Disamban 2023, kalmar mitoloji ta samu gindin zama a bakin yaranmu. Dama masu buga God of War a gidajen gem sun daɗe da sanin allolin Girkawa irin su Zeus da Ares fiye da yadda suka san sunayen sarakunan garinsu. Yanzu abin ya fito daga gidan gem, ya hau TikTok, ya shiga rediyo. Kwanakin baya ina cikin mota na ji wani mai gabatar da shiri yana yi wa masu sauraro bayani cewa mitoloji "tatsuniyoyin Girkawa ne, irin namu na Gizo da Ƙoƙi". Ba a yi minti biyar ba baƙon da ya gayyato ya ce shirin addinin Girkawa ne ake ɗura wa yara. Mai gabatarwa ya ce ƙwarai kuwa. Su biyun babu wanda ya lura cewa maganganun nasu ba sa zama a tabarma ɗaya. Wa ya taɓa jin an kira Gizo addini?

Na 'yan siyasa kuwa ba sai an daɗe a kai ba. Mai magana da yawun gwamnati ya ce da Turanci yunwar da ake kuka da ita mit (myth) ce, ɗan jarida ya fassara da "tatsuniya ce", kowa ya gane ana nufin ƙarya. Wannan ma'ana ce da kalmar ta tsinta a hanya, kuma ita ce ta fi ɓata mana lissafi.

Asalin kalmar Girkanci ne, mutos. A waƙoƙin Homer, waɗanda ake ɗauka an tsara su wajen ƙarni na 8 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), in sarki ko jarumi ya miƙe a gaban taro ya yi magana mai nauyi, wadda ake so a ji a kuma bi, ana kiran wannan magana mutos. Babu ƙanshin ƙarya a jikinta ko kaɗan. Sai daga baya masana falsafa suka zo suka ajiye ta gefe guda, suka ajiye logos, wato magana mai hujja, a ɗaya gefen. Tun kafin masanin falsafa Aflatun (Plato), wani mai suna Zenofanis ya zargi mawaƙa Homer da Hesiyod da jingina wa alloli duk abin kunyar da ɗan Adam ke yi: sata, zina, yaudara. Shi ne kuma ya ce da shanu da dawakai suna da hannun zane, da sun zana allolinsu da siffar shanu da dawakai. Aflatun ya ɗora da cewa a birnin da yake mafarki ba za a bar irin waɗannan labarai su shiga kunnen yara ba. Ashe baƙon rediyon nan yana da magabata a cikin Girkawan kansu, da shekara sama da dubu biyu. Da Kiristanci ya zo, wasiƙun Sabon Alkawari suka yi amfani da kalmar a ma'anar labaran banza da ya kamata mai bi ya guje wa. Daga nan ta gangaro Turanci da wannan tabon.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne irin wannan tafiya ta faru a Larabci, kuma ta nan ne ta shigo kunnenmu. Larabawan yau suna kiran mitoloji asaɗir. Tushen kalmar shi ne wanda ya ba mu saɗara, layin rubutu, wadda duk wanda ya riƙe allo ya sani. Asaɗir ke nan abubuwan da aka jera a saɗara, rubutattun mutanen da. Amma a Alƙur'ani, inda "asaɗirul awwalin" ta zo sau tara, kafirai ne ke faɗin ta don su kore wahayi. Malam Abubakar Gumi a tarjamarsa ya ce "tatsuniyoyin mutanen farko", kuma a wannan muhallin fassarar ta zauna daram, domin raini masu maganar suke nufi. Matsalar ita ce mun ɗauko wannan fassara ta wurin zagi mun mayar da ita sunan fannin ilimi. A harsuna uku kalmar ta fara da mutunci ta ƙare a bakin wanda ke kallon abin da wani ya yi imani da shi yana taɓe baki.

Tatsuniya kuwa mun san ta. Kaka ce da jikoki bayan tuwon dare. "Ga ta nan, ga ta nanku." "Ta zo mu ji ta." In ta kai ƙarshe ta ce ƙurunƙus, ba don Gizo ba da na yi ƙarya. Tatsuniya da bakinta take shaida wa kowa cewa ƙirƙira ce, wannan ne ma daɗinta. Ba wanda ya taɓa yanka wa Gizo ko da zakara.

Girkawa sun yanka wa Zeus shanu ɗari a bikin wasannin Olimfiya, wasannin da ake ƙirga farawarsu daga shekara ta 776 kafin Miladiyya. A cikin ɗakin bautarsa a can akwai gunkinsa na hauren giwa da zinariya, tsayinsa ya kai wajen mita 12. Birane sukan aika wakilai Delfi su tambayi bokanyar Apollo kafin su fita yaƙi ko su kafa sabon gari. A shekara ta 399 kafin Miladiyya kotun birnin Atina ta yanke wa Sokratis hukuncin shan guba, kuma ɗaya daga cikin tuhumomin shi ne bai yarda da allolin da birni ya yarda da su ba. Ba a kashe dattijo mai shekara saba'in a kan tatsuniya. Bautar ta ci gaba har sarkin Rum Tiyodosiyus ya haramta ta a farkon shekarun 390 na Miladiyya. Mitoloji su ne labaran da ke kewaye da wannan bauta: yadda duniya ta faro, wa ya haifi wa a cikin alloli, me ya sa ake sanyi wata da watanni ƙasa ba ta fid da tsiro, me ya sa wannan gari yake yanka a wannan dutse.

In ana neman kwatankwacinsa a wurinmu, sai a bar Gizo ya huta a dubi Dala, inda Tarihin Kano ya ce Barbushe kan shiga wurin Tsumburbura ya fito ya gaya wa jama'a abin da shekara za ta zo da shi. Ko a dubi Jangare, birnin iskokin bori, da Sarkin Aljan Sulemanu da Inna da Ɗan Galadima, kowa da danginsa da halinsa da abin da ake yanka masa. Ko rijiyar Kusugu a Daura. Malaman adabi a jami'o'inmu suna kiran irin labarin Bayajida tarihihi, kalma mai kyau, sai dai ta fi dacewa da jarumai da kafuwar garuruwa, ba ta ɗauke labarin halitta da na alloli ba. Almara kuma a ajin adabi labarin wasa ƙwaƙwalwa ce, irin na mai kura da akuya da harawa a bakin kogi. Ni dai a ganina a bar wa kalmar sunanta, mitoloji, yadda muka bar wa falsafa nata.

To, saura ɗaya kuskuren, wanda yara suka fi yi: ɗaukar Percy Jackson a matsayin mitoloji kansa.

Rick Riordan, marubucin littattafan Percy Jackson da aka gina shirin a kansu, a da malamin makaranta ne a San Antonio ta jihar Texas. Ɗansa yana fama da matsalar karatu da ta rashin iya tsayar da hankali wuri ɗaya, yana kuma son labaran Girkawa lokacin barci. Da labaran suka ƙare wa uban sai ya ƙirƙiro yaro ɗan shekara 12 mai irin matsalar ɗan nasa, wanda ya gano cewa mahaifinsa Poseidon ne, mai teku. Littafin farko ya fito a 2005, na biyar a 2009. Dabarar ita ce a ɗauko tsofaffin allolin a saka su a Amurka ta yau. Dutsen Olimfus, mazaunin allolin, ya koma hawa na 600 a saman ginin Empire State na New York, ginin da a zahiri hawa 102 gare shi. Ƙofar lahira tana Los Angeles. Ares, mai yaƙi, yana yawo a kan babur. Masu cin furen mantuwa da suka riƙe mutanen jarumi Odisiyus a waƙar Homer sun zama otal ɗin caca a Las Vegas, inda yaro zai shiga buga gem ya fito ya tarar kwanaki sun wuce. Medusa, mai gashin macizai wadda kallonta ke mayar da mutum dutse, tana da shagon sayar da mutum-mutumin ƙawata lambu a New Jersey, kuma ba sai an gaya maka daga ina take samun kaya ba. Wannan na ƙarshen ya ba ni dariya sosai, ba zan ɓoye ba. Matsalar karatun yaron ma an ba ta dalili: wai ƙwaƙwalwarsa tsohon Girkanci aka gina ta ta karanta.

Duk wannan ƙagaggen labari ne mai marubuci da kamfanin ɗab'i da haƙƙin mallaka. Da Riordan da masu karatunsa babu mai yanka wa Poseidon komai. Ya ma fi kusa da tatsuniya fiye da abin da ya aro daga gare shi, tunda kowa ya san ƙirƙira ce tun daga bango.

Dubi yadda ruɗanin ke aiki. A 2022 da aka sanar cewa yarinya baƙar fata ce za ta fito a matsayin Annabeth, abokiyar Percy, 'yar Atena allahiyar hikima, wasu suka yi ca a intanet, cikinsu har da masu cewa an ci amanar mitoloji. Annabeth ba ta cikin mitoloji ko da saɗara ɗaya. A wurin Girkawa Atena budurwa ce da ba ta taɓa aure ko haihuwa ba, kuma sunan shahararren ɗakin bautarta a Atina, Fartenon, daga kalmar budurwa ya fito. Riordan ne ya ƙago cewa 'ya'yanta daga tunaninta suke fitowa, don ya samu hanyar ba ta ɗiya. Masu kare "asali" suna kare abin da wani malamin Texas ya zauna ya tsara ne.

Kai, asalin ma guda nawa ne? Girkawa ba su da littafi ɗaya da aka ce shi ne ingantacce. A wurin Hesiyod, Medusa ɗaya ce cikin 'yan'uwa uku dodanni, 'ya'yan allolin teku. Sai bayan shekara wajen ɗari bakwai mawaƙin Rum Ovid ya ba da labarin cewa kyakkyawa ce da mai teku ya keta wa haddi a ɗakin bauta, allahiyar ɗakin kuma ta hukunta ita yarinyar da gashin macizai. Wannan ruwayar ta Ovid ce yau ta fi yawo a intanet ana cewa ita ce "gaskiyar labarin". Kowane mawaƙi yana gyara labarin daidai da masu sauraronsa, yadda maroƙi ke gyara kirari gwargwadon gidan da ya shiga. Ta wannan fuskar kaɗai zan yarda marubutan zamani suna bin sawun na da.

Da ni ne baƙon rediyon nan, da ba a kan bautar gumaka zan ɓata lokacina ba. Akwai wani wuri a littafin farko da malamin yaron ke yi masa bayanin dalilin zuwan alloli Amurka: wai suna bin wutar wayewar Yamma ne duk inda ta fi haske, daga Girka zuwa Rum, zuwa Jamus da Faransa da Sifaniya, suka daɗe a Ingila, yanzu kuma Amurka. Wannan ita ce aƙidar da ke cikin littafin, kuma ta shiga kan yaro ba tare da ya ji shigarta ba. A wannan taswirar babu Bagadaza, inda aka fassara Aristotal da Galen zuwa Larabci aka yi ta sharhi a kansu ƙarni bayan ƙarni. Gaskiya ne masu fassarar Bagadaza falsafa da likitanci da lissafi suka ɗauka, suka bar wa Girkawa allolinsu, har sai 1904 Sulaiman al-Bustani ya fitar da Iliyad, waƙar Homer, da Larabci a Alƙahira. Amma in maganar gadon Girka ake yi, wutar ta kwana a Iraƙi da daɗewa kafin ta san hanyar Landan.

Ɗan ƙanwata, mai shekara 13, shi ne malamin mitoloji na gidanmu. Ranar Juma'a na same shi yana jera wa ƙannensa 'ya'yan alloli, na ce masa cikakken sunan Percy ai Fersiyus ne, jarumin da ya zo baƙo wata ƙasa ya kashe dodon ruwa ya auri 'yar sarki, na tambaye shi ko labarin bai tuna masa da wani baƙo da ya sauka Daura ba. Ya yi shiru, ya ce wancan ai tarihi ne. Na ce to, Atena kuma ba ta da ɗiya.

Ya dube ni da tausayi, irin kallon da ake yi wa wanda bai iya buɗe waya ba.

"Kawu, ba ka kalli zangon farko ba ne."