Ma'anar kalmar "Tori": zagin da ya zama sunan jam'iyya

Idan ana maganar siyasar Birtaniya, gidajen rediyonmu sukan ce jam'iyyar masu ra'ayin riƙau, ko ta 'yan mazan jiya, wani lokaci su bar ta da sunanta na Conservative. Amma idan ka leƙa jaridun Landan, ko ka saurari muhawarar majalisar Birtaniya, sunan da zai riƙa dukan kunnenka shi ne Tori. Margaret Thatcher 'yar Tori ce, haka Boris Johnson da Rishi Sunak. Kemi Badenoch, wadda ta tashi a Legas, ta karɓi shugabancin jam'iyyar a watan Nuwamba na 2024, ita ma da wannan suna ake kiranta. Ba shi ne sunan jam'iyyar a takarda ba, laƙabi ne, kuma ya girmi sunan na takarda da shekara ɗari da hamsin.

Kalmar ma ba daga Turanci ta fito ba. Daga harshen mutanen Ireland take, inda take nufin wanda ake farauta, wato ɗan fashin da ya shige daji hukuma na nemansa. A tsakiyar ƙarni na 17, musamman bayan sojojin Ingila ƙarƙashin Oliver Cromwell sun murƙushe Ireland sun ƙwace gonakin 'yan Katolika, wasu daga cikin waɗanda aka raba da ƙasarsu suka koma tare hanya. Su ake kira Tori. Saboda haka idan Baturen Ingila na wancan zamani ya ce maka Tori, abin da yake nufi shi ne kai ɗan fashi ne, ɗan Katolika, kuma baƙo. Zagi uku a kalma ɗaya.

To, me ya haɗa wannan zagi da manyan masu gonaki da limaman Cocin Ingila, mutanen da suka fi kowa ƙin fashi da tawaye? Rigimar gadon sarauta ce.

Sai an fara fahimtar wani bambanci. A ƙasar Hausa mun saba da masu zaɓen sarki, su zauna su duba 'ya'yan gidan sarauta su fitar da ɗaya. A Ingila ba haka al'adar take ba. Tun sarki na da rai an san magajinsa, domin layin haihuwa ake bi: babban ɗansa na aure, in babu namiji sai mace, in babu ɗa ko ɗaya sai ƙaninsa. Ba a tambayar ra'ayin kowa. Masu riƙo da wannan tsari suna ganin Allah ne ya yi zaɓin da kansa ta hanyar haihuwa, don haka wanda ya taɓa layin ya ja da hukuncin Allah.

Sarki Charles na Biyu ya hau gado a 1660, bayan shekara 11 ƙasar ba ta da sarki, domin an fille wa mahaifinsa kai a 1649 a ƙarshen yaƙin basasa tsakanin fada da majalisa. Charles ya haifi 'ya'ya da yawa a waje, amma matarsa ta aure ba ta haifa masa ko ɗaya ba. Magaji ke nan ya zama ƙaninsa James, mai sarautar York, wanda don shi aka raɗa wa birnin New York suna. Shi ne kuma ya shugabanci kamfanin fada da ya yi ta jigilar bayi daga gaɓar tekun Afirka ta Yamma, abin da bai kamata ɗan Afirka ya karanta tarihinsa ya tsallake ba. Sai dai ba wannan ne ya dami mutanen Ingila ba. Damuwarsu ita ce James ya koma Katolika, kuma abin ya fito fili a 1673 lokacin da ya gwammace ya ajiye muƙamin shugaban sojojin ruwa da ya yi rantsuwar da doka ta ɗora wa masu riƙe da muƙami.

Ga mutumin Ingila na lokacin, Katolika ba batun ibada kawai ba ne. Yana tuna Sarauniya Mary da ta ƙona 'yan Furotesta kusan ɗari uku a ƙarnin da ya gabata, yana kuma hangen Faransa inda Louis na 14 ke mulki ba mai ce masa kul. Ana cikin wannan zullumi, a 1678, wani maƙaryaci mai suna Titus Oates ya ƙirƙiro labarin cewa 'yan Katolika sun ƙulla makircin kashe sarki don su ɗora James. Ƙarya ce tsagwaronta, amma sai da ta ci rayukan mutane fiye da ashirin da ba su ji ba ba su gani ba.

Nan ne wani ɓangare na majalisa, ƙarƙashin jagorancin Shaftesbury, ya kawo ƙudirin dokar da za ta cire James daga layin gado. Sau uku ana gwadawa. A 1679 sarki ya rushe majalisar kafin a kammala. A 1680 majalisar wakilai ta amince, ta dattawa ta yi watsi da shi. A watan Maris na 1681 sarki ya kira zama a Oxford, nesa da 'yan zanga-zangar Landan, bayan mako guda ya sallami kowa, bai sake kiran majalisa ba har ya mutu. Kuɗin da Louis na Faransa ke turo masa a ɓoye sun taimaka masa ya yi zamansa ba tare da roƙon majalisa haraji ba.

A cikin wannan taƙaddama aka haifi sunayen biyu. Masu son a cire James suka ce wa masu kare shi Tori, wato 'yan fashin Katolika. Su kuma suka rama da Wig, sunan da ake yi wa wasu 'yan tawayen Scotland masu tsaurin addini da suka yi wa birnin Edinburgh tsinke a 1648. Kowane ɓangare ya ɗauki zagin da aka yi masa ya rataya a wuya, har ya zama abin tinƙaho.

Abin da ya fi taɓa ni a labarin, kuma nan ne ainihin ma'anar kalmar take, shi ne 'yan Tori ba 'yan Katolika ba ne. Su ne ma 'yan gaban goshin Cocin Ingila, cocin ƙasa na 'yan Furotesta. Ba son addinin James ya sa suka tsaya masa ba. Sun ga yaƙin basasa da idonsu, sun ga kan sarki a ƙasa, suka yanke cewa duk ranar da majalisa ta sami ikon zaɓen wanda zai zauna a gado, an buɗe ƙofar da ba mai iya rufewa. Abu biyu suka riƙe: gadon jini da cocin ƙasa. Suna fata ba ranar da za a ce su zaɓi ɗaya su saki ɗaya.

Ranar kuwa ta zo da wuri. James ya zama sarki a 1685, 'yan Tori suka mara masa baya har ya murƙushe tawayen Monmouth, ɗan Charles na waje, aka fille masa kai. Daga nan James ya shiga naɗa 'yan Katolika a soja da jami'o'i, yana jingine dokokin majalisa da ikon kansa. Da manyan limamai bakwai suka ƙi yarda a karanta sanarwarsa ta jingine dokokin da suka takura wa 'yan Katolika a coci-coci, ya sa aka tsare su aka gurfanar da su, kotu ta wanke su ranar 30 ga Yuni, 1688. Mutane sun yi ta haƙuri ne saboda James ya manyanta, kuma 'ya'yansa mata biyu, Mary da Anne, 'yan Furotesta ne. Kwatsam, ranar 10 ga wannan wata na Yuni, matarsa ta biyu ta haifi namiji. Yanzu layin Katolika ba shi da ranar ƙarewa. Har jita-jita aka baza cewa jaririn ba nata ba ne, wai shigo da shi aka yi a cikin kaskon garwashin da ake ɗumama shimfiɗa da shi. Ba gaskiya ba ne, amma masu neman mafita sun rungumi zancen.

Gaba kura, baya sayaki. Manya bakwai suka aika wa William na Holan, mijin Mary, takardar gayyata, kuma a cikinsu akwai 'yan Tori irin su Danby da babban limamin Landan, Henry Compton. William ya sauka da rundunarsa ranar 5 ga Nuwamba, 1688, James ya tsere Faransa. Da aka zauna a 1689 sai aka nemo lafazin da zai sanyaya wa 'yan Tori rai: ba tsige shi aka yi ba, shi ya yi murabus da gudunsa, gado ya zama babu kowa. Aka naɗa William da Mary tare, aka kuma kafa doka cewa ɗan Katolika ba zai sake mulkin Ingila ba.

Ba kowa ya iya haɗiye wannan ba. Limamai kimanin ɗari huɗu suka ƙi yi wa sabon sarki mubaya'a, suka rasa muƙamansu. A cikinsu har da William Sancroft, shugaban limaman Canterbury, wanda yana ɗaya daga cikin bakwai ɗin da James ya tsare. Mutumin da sarki ya kulle, shi ne ya ce rantsuwar da ya yi wa wannan sarki ba ta warwaruwa. Ko ba ka yarda da ra'ayinsa ba, da wuya ka ƙi girmama irin wannan riƙon alkawari. Masu son a maido da James da zuriyarsa kuwa aka sa musu suna Jakobawa, daga Jacobus, yadda ake faɗin James da Latin.

Tsugune ba ta ƙare ba. William da Mary ba su haihu ba. Anne ta yi ciki sau 17, ɗa ɗaya ne ya ɗan yi kwana, shi ma ya rasu a 1700 yana da shekara 11. Sai majalisa, wadda 'yan Tori ke da rinjaye a cikinta, ta yi dokar 1701 da ta miƙa gadon ga Sophia ta Hanover a ƙasar Jamus, jikar Sarki James na Ɗaya, aka tsallake 'yan Katolika fiye da hamsin da suka fi ta kusa. Wato jam'iyyar da aka kafa don hana majalisa zaɓen magaji, ita ce da hannunta ta zaɓi magaji.

Sophia ta riga Anne, wadda ta gaji William a sarauta, rasuwa da 'yan makonni, don haka da Anne ta cika ranar 1 ga Agusta, 1714, ɗan Sophia ne ya zama Sarki George na Ɗaya. Ya zo da fushin 'yan Tori a ransa, saboda sulhun da gwamnatinsu ta ƙulla da Faransa a Utrecht a 1713, da kuma raɗe-raɗin cewa wasu shugabanninsu na zance da ɗan James a asirce. Sun so yaron ya bar Katolika, ya ƙi. Da Bolingbroke, ɗaya daga cikin jagororinsu, ya gudu Faransa a 1715 ya shiga hidimar ɗan James ɗin, kuma tawayen Jakobawa ya ɓarke a Scotland a shekarar, sai 'yan Wig suka sami abin da suke nema: kowane ɗan Tori maci amana ne har sai ya wanke kansa. Aka rufe musu ƙofar gwamnati kusan shekara 45. A wannan tsakani Robert Walpole, ɗan Wig, ya riƙe ragama daga 1721 zuwa 1742, shi ake lissafawa firaminista na farko. Yunƙurin Jakobawa na ƙarshe ya kai har garin Derby a 1745, ya mutu a filin Culloden a watan Afrilun 1746.

Tsohuwar jam'iyyar Tori ta narke bayan 1760. Sunan ne ya rayu, aka liƙa shi ga wani sabon rukuni da ya taso a ƙarshen ƙarni na 18 yana kare sarauta da coci da dukiya daga guguwar juyin juya halin Faransa. Wannan rukuni ne ya ɗauki sunan Conservative a zamanin Robert Peel, wajen 1834. 'Yan Wig kuwa suka shige cikin jam'iyyar Liberal a 1859, sunansu ya bi ruwa. Kalmar ta ƙetare teku ma: a yaƙin 'yancin Amurka, waɗanda suka tsaya wa sarkin Ingila Tori ake ce musu, a Kanada kuma har gobe haka ake kiran 'yan jam'iyyar Conservative. A Birtaniya ta yau, 'yan adawa kan furta ta da ɗaci, suna nufin jam'iyyar masu hannu da shuni, 'ya'yan jam'iyyar kuma su furta ta da alfahari.

Dokar 1701 tana nan da ranta. A 2013 aka yi mata gyara: ɗa namiji ya daina tsallake yayarsa mace a layin gado, kuma auren ɗan Katolika ya daina fitar da mutum daga layin. Amma sarkin kansa dole ya kasance ɗan Furotesta daga zuriyar Sophia. Ranar 6 ga Mayu, 2023, a bikin naɗinsa a cocin Westminster, Sarki Charles na Uku ya yi rantsuwa a gaban jama'a cewa shi ɗan Furotesta ne na gaskiya. Wanda ya tashi ya karanta nassin Littafi Mai Tsarki a wurin shi ne firaministan lokacin, Rishi Sunak, shugaban 'yan Tori, mabiyin addinin Hindu.