Na'urar POS da Lissafin Shago ta Intanet: Tambayoyi da Amsoshi

Yau da wuya ka ratsa layi guda a Kantin Kwari ko Singa ko Sabon Gari ba ka ga 'yar na'urar karɓar kuɗi a kan teburin kowane shago ba. Har mai shayi da mai tsire sun manna lambar asusu a jikin allo. Karɓar kuɗi ya yi sauƙi, amma sanin inda suka shige bayan sun shigo, nan yawancinmu muke da saura.

Na'urar da nake zura kati a ciki da kwamfutar da ke kan teburin manyan kantuna, abu ɗaya ne?

A'a. Wadda ta cika gari, irin ta Moniepoint ko OPay ko PalmPay ko ta bankuna, aikinta ta ɗauko kuɗi daga asusun mai saye ta zuba a naka. Ba ta san ko atamfa ka sayar ko madara ba. Ɗayar kuwa, wadda za ka gani a manyan kantuna da wasu shagunan magani, manhaja ce da ke ɗauke da sunan kowane kaya, da farashin da aka saro shi, da farashin sayarwa, da yawan abin da ya rage a sito. Da an sayar da abu sai ta cire shi daga lissafin kaya, ta fitar da rasit, ta rubuta wanda ya yi cinikin da lokacin da aka yi.

Asalin wannan ta biyun ya girmi kati nesa ba kusa ba. A 1879 wani mai mashaya a garin Dayton na jihar Ohio a Amurka, James Ritty, ya ƙera akwatin kuɗi mai ƙirga ciniki, saboda yana zargin yaransa suna zura hannu. Layukan nan baƙaƙe da ke jikin kwalin kaya kuma, a 1974 aka fara karanta su da na'ura a wani kanti, shi ma a Ohio.

Yaushe abin ya bazu haka a Najeriya?

Babban Bankin Najeriya ya fara tsarin rage amfani da tsabar kuɗi a Legas a 2012, ya faɗaɗa shi zuwa Kano da Abuja da wasu jihohi a watan Yulin 2013. Mutane ba su karɓe shi da hannu biyu ba. Abin da ya tilasta kowa shi ne canjin fasalin naira da aka sanar a watan Oktoban 2022 lokacin da Godwin Emefiele yake gwamnan Babban Banki, da ƙarancin tsaba da ya biyo baya a farkon 2023. Ɗan kasuwar da ya rantse ba ya karɓar tiransifa, a watannin nan ya buɗe asusu, don in bai karɓa ba maƙwabcinsa zai karɓa.

To tunda duk kuɗin da suka shigo ina ganinsu a waya, wane lissafi kuma ya rage?

Abin da kake gani a waya ciniki ne, ba riba ba, kuma cinikin ma ba duka ba, tunda wanda aka biya da tsaba da wanda aka ɗauka bashi ba sa ciki.

A ce mai tireda ya yi cinikin naira 120,000 a rana. Kayan da suka fita, shi ya saro su a kan 104,000. Abin da ke tsakani 16,000 ne. A ciki za a sayi man janareta, a ba yaron shago kuɗin abinci, a biya ɗan dako, a sayi leda, a ware na hayar shago da za a nema a ƙarshen shekara, ga cajin da kamfanin na'ura ya cira. Watakila 7,000 ya rage. Idan a ranar maigida ya ɗauki 10,000 ya aika gida cefane, ya kuma ba wani ɗan'uwa 3,000 kuɗin mota, to ba riba kaɗai ya ci ba, ya gutsiri uwar kuɗi. Kuma ba zai ji a jikinsa ba, domin gobe ma kuɗi za su shigo.

Haka jari yake narkewa. Tsadar kaya ta ƙara rufe ido: adadin nairar da ke asusu yana ƙaruwa, mutum yana ganin ya ci gaba, sai ranar sari ya ga kuɗin da a da suke ɗauko katan hamsin yanzu talatin da biyar suke ɗaukowa. Wanda yake rubuta yawan kaya, ba yawan kuɗi kaɗai ba, shi yake fara lura.

Saboda haka lissafin da ya rage abubuwa huɗu ne: nawa aka saro kayan da suka fita, nawa aka kashe wajen tafiyar da shago, nawa kake bin mutane kuma nawa ake binka, da nawa ka cira don kanka. Na ƙarshen shi ya fi wuyar rubutawa, domin mutum yana jin ai kuɗinsa ne. Kuɗinka ne, amma ka yanka wa kanka albashi, ka rubuta shi kamar na kowa.

Mene ne lissafi ta intanet, kuma me ya fi littafi da biro?

Manhaja ce da kake shigar da ciniki da kashe-kashe a cikinta ta waya ko kwamfuta, amma bayanan ba a cikin wayar suke zaune ba, suna can a rumbun kamfanin da ya yi manhajar. Cikin sanannu akwai QuickBooks na kamfanin Intuit a Amurka, da Sage na Ingila, da Xero daga New Zealand, da Zoho Books daga Indiya. Loyverse kuma manhajar teburin ciniki ce da ake iya fara aiki da ita kyauta a waya. A gida akwai irin su Bumpa.

Amfaninta na farko, ba ta gajiya da tarawa da ɗebewa. Na biyu, kana Legas ko Kwatano wajen sari kana ganin abin da aka sayar a Kano. Na uku shi ne wanda ba a so a tuna: gobara. Lokacin da kasuwar Sabon Gari ta Kano ta ƙone a watan Maris na 2016, duk littafin bashin da ya kwana a shagon da wuta ta ci ya tafi tare da kaya. Abin da aka ajiye ta intanet, waya sabuwa kawai za ka saya ka shigar da kalmar sirri.

Amma ban yarda cewa kowane shago sai da manhaja ba. Mai kaya kala goma, shi kaɗai a shagonsa, wanda yake rubuta komai a littafi kullum, ya fi wanda ya biya kuɗin manhaja yake shigar da rabin ciniki.

Mu kayanmu awo ne da tayi, ba farashi ɗaya ba. Manhajar za ta iya da mu?

Nan gizo yake saƙar, domin yawancin manhajojin nan an tsara su ne don kantin da farashi ke manne a jikin kaya. Mai hatsi a Dawanau buhu yake sarowa ya sayar da kwano, kuma ba kowane buhu ke ba da kwano iri ɗaya ba. Mai yadi bandir yake saye ya yanka. Mai tireda katan yake fasawa ya sayar ɗai-ɗai. Kafin ka biya ko kwabo, gwada abu biyu: shin manhajar tana yarda ka shigar da kaya a buhu ko katan ka fitar da su a kwano ko ƙwaya, kuma shin tana bari a canza farashi lokacin ciniki ta rubuta ragin da aka yi da wanda ya yi shi. In ba ta yin waɗannan, cikin mako biyu lissafin kayanka zai rikice, yara su koma rubutu a bayan kwali.

Nawa ake cira idan an biya ni ta na'ura?

A 2019 Babban Banki ya sa cajin da ake cirar ɗan kasuwa a kan biyan kati ya zama kashi 0.5 cikin ɗari, kada ya wuce naira 1,000 a ciniki ɗaya. Har zuwa ƙarshen 2025 ana kuma cirar wanda aka tura wa kuɗi harajin naira 50 na gwamnatin tarayya a kan tiransifar da ta kai naira 10,000 zuwa sama. Kamfanoni suna da nasu tsarin, kuma yana canzawa, don haka ka duba bayanan asusunka da kanka. Ka tara cajin wata guda ka shigar da shi cikin kashe-kashe. Ga mai sayar da suminti ko shinkafa, wanda ribarsa a kan buhu 'yar kaɗan ce, ba ƙaramin abu ba ne.

Bashi fa?

Shi ma ciniki ne, a shigar da shi ranar da kaya suka fita, da sunan wanda ya ɗauka da ranar alkawari. Manhajoji da yawa suna jera maka masu bashi da daɗewar kowane bashi, wasu har suna tura saƙon tuni. Wanda yake jin nauyin rubuta bashin aboki ko na suruki, ya tuna cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni take yi a rubuta bashi.

Zai hana yaron shago cuta?

Zai rage, ba zai hana ba. Dabarar da aka fi yi yanzu ba zura hannu a durowa ba ce: mai saye zai ce zai yi tiransifa, yaro ya ba shi lambar asusunsa na kansa, kayan kuma a ƙi shigar da su. Manhaja ba ta ganin abin da ba a shigar mata ba. Abin da yake kama wannan shi ne ƙidayar kaya. In ta ce saura katan 40 ka ƙirga ka ga 36, akwai magana. Ka ba kowane yaro lambar shigarsa daban, kada kowa ya iya goge ciniki sai kai, ka kuma manna lambar asusun shago inda mai saye zai gani.

Adalci ma yana ciki. Sau da yawa ana zargin yaro alhali maigida ne ya ɗauki kuɗin ya manta.

Mai saye ya nuna min alat, ko ya ce an cire masa kuɗi amma na'ura ta ƙi. Yaya zan yi?

Kada kaya su fita a kan abin da ke cikin wayarsa. Hoton rasit da saƙon banki duk ana ƙirƙirarsu. Sai ka ga kuɗin a naka asusun ko na'urarka ta nuna sun shigo. Idan kuma kati aka zura, na'ura ta ce ciniki bai yiwu ba amma an cire masa, kuɗin ba su zo wurinka ba, bankinsa zai bi. Ka ba shi rasit ɗin da ya nuna an ƙi. Ƙa'idar da Babban Banki ya fitar a 2020 ta ce a warware irin wannan cikin awa 72.

Ina sayar da kaya, ina kuma ba mutane tsaba ta POS a shago ɗaya. Laifi ne?

Ba laifi ba ne, amma sana'a biyu ce, kowace da jarinta da littafinta, in so samu ne da asusunta. Idan aka gauraya, tsabar ciniki tana fita ta hannun masu cirar kuɗi, ta dawo a asusu haɗe da caji, ba ka ƙara sanin wacce ke ciyar da wacce. Ita sana'ar cirar kuɗin tana da dokokinta: a 2024 hukumar rajistar kamfanoni ta CAC ta ce masu yin ta su yi rajista, a watan Disamban shekarar kuma Babban Banki ya ƙayyade cirar naira 100,000 a rana ga mutum ɗaya, da miliyan 1.2 a rana ga wakili, wato mai POS ɗin.

Rubuta komai ba zai jawo min haraji ba?

Wannan tsoron shi ke hana mutane da yawa. Amma kuɗin da ke shiga asusun da ke haɗe da BVN ɗinka sun riga sun bar sawu, ko ka rubuta ko ba ka rubuta ba. Idan mai karɓar haraji ya ga miliyoyi sun ratsa asusu, wanda ke da lissafi ne zai iya nuna cewa yawancinsu kuɗin sari ne. Harajin VAT da ake ɗorawa a kan farashin kaya kashi 7.5 cikin ɗari ne tun Fabrairun 2020, kuma dokar kuɗi ta 2019 ta ɗauke wa kamfanin da cinikinsa na shekara bai kai naira miliyan 25 ba harajin kamfani. Sababbin dokokin haraji da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025 sun ɗaga wannan iyaka, sun kuma maye gurbin hukumar tattara haraji ta FIRS da sabuwa mai suna NRS. Lissafin nan dai shi za ka buƙata ranar fitar da zakka, lokacin da za a yi wa kayan shago ƙima a haɗa da tsabar kuɗi a cire ɗaya cikin arba'in.

Idan babu sabis ko babu wuta?

Zaɓi manhajar da ke ci gaba da karɓar ciniki ba intanet, ta tura daga baya. Ka riƙe layin waya biyu na kamfanoni daban-daban, kada kuma ka jefar da littafi.

Ta ina zan fara?

Ka ware yini guda, ko ranar da kasuwa ba ta ci, ka ƙirga duk abin da ke shago da sito, ka rubuta farashin sarin kowanne na yau, ba na lokacin da ka saya ba. Ka haɗa da tsabar da ke hannu, da abin da ke asusu, da bashin da kake bi, ka cire wanda ake binka. Wannan shi ne jarinka a ranar, kuma da shi za ka gwada duk wata mai zuwa. Ka buɗe wa shago asusunsa daban. Sannan ka gwada manhaja ta kyauta wata ɗaya tare da littafi, kullum kafin a rufe shago a haɗa abin da manhaja ta ce da tsabar da ke durowa da abin da ya shigo asusu.

Kafin ka zauna a kan wata manhaja, ka tambaya ko da naira ake biyan kuɗinta ko da dala, kuma ka tabbata tana bari ka sauke bayananka a Excel. Ƙananan kamfanonin manhaja suna rufewa, wasu ba tare da dogon gargaɗi ba. Duk ƙarshen wata ka sauke jerin kaya da na masu bashi ka tura wa kanka ta imel.