John Carter (fim na 2012)

John Carter fim ne na ƙagaggen labarin kimiyya da kamfanin Walt Disney ya saki a Amurka ranar 9 ga Maris, 2012. Andrew Stanton ne ya ba da umarni. Taylor Kitsch ya fito a matsayin jarumi, tare da Lynn Collins da Willem Dafoe da Mark Strong. An ɗauko labarin daga littafin A Princess of Mars na Edgar Rice Burroughs, marubucin da ya ƙirƙiri Tarzan. Ana lissafa shi cikin finafinan da suka fi jawo asara a tarihin Hollywood.

Asali

Labarin ya fara fitowa kashi-kashi a mujallar The All-Story a 1912, da sunan aro na Norman Bean, sai a 1917 aka buga shi littafi guda. Daga nan masu shirya fim suka yi ta zawarcinsa shekara da shekaru ba a daidaita ba. Wajen 1931 Bob Clampett, gwanin zanen katun, ya tuntuɓi Burroughs da nufin yin fim ɗin zane. An yi ɗan gwaji a tsakiyar shekarun 1930, amma kamfanin MGM ya ja da baya, wai don masu gidajen sinima na ƙananan garuruwa sun ce labarin ɗan Adam a duniyar Mars ya yi wa masu kallonsu nisa.

A shekarun 1980 Disney ya karɓi haƙƙin littafin, har aka ambaci John McTiernan a matsayin darakta da Tom Cruise a matsayin jarumi. Maganar ta watse, galibi saboda fasahar lokacin ba ta kai ta nuna halittun labarin yadda ya kamata ba. Sai Paramount ya ɗauka a farkon shekarun 2000, aikin ya bi ta hannun Robert Rodriguez da Kerry Conran da Jon Favreau ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya kai ga ɗaukar hoto. A 2007 haƙƙin ya koma Disney bisa roƙon Stanton, wanda ya ƙallafa rai a kan littattafan tun yana yaro.

Wannan jinkiri ya yi wa fim ɗin illa. A tsawon shekaru ɗarin nan, masu yin finafinan sararin samaniya sun riga sun kwashi abin da suke so daga Burroughs: hamadar wata duniya, gimbiya mai neman ceto, faɗan takobi a kan jiragen sama, filin da ake jefa fursuna ya kara da dodo. Da na asalin ya iso, matasan da suka tashi da Star Wars da Avatar suka ɗauka shi ne mai kwaikwayo.

Labari

A 1868, John Carter, wani tsohon kyaftin na sojojin Kudu a yaƙin basasar Amurka, yana neman zinariya a Arizona. Ya shiga wani kogo, ya farka a Mars, wadda mutanenta ke kira Barsoom. Saboda ƙarfin jan ƙasa bai kai na duniyarmu ba, tsalle ɗaya yake yi ya haye tudu. Ya faɗa hannun Tharks, dogayen korayen halittu masu hannu huɗu, sannan ya tsinci kansa cikin yaƙin biranen Helium da Zodanga a ɓangaren gimbiya Dejah Thoris.

Shiryawa

Stanton ya yi suna ne a Pixar, kamfanin finafinan katun, inda Finding Nemo da WALL-E suka ci masa lambar Oscar. Wannan ne karonsa na farko da 'yan wasa na zahiri. An ɗauki hoto a Ingila da jihar Utah a 2010, daga baya aka koma aka sake ɗaukar wasu sassa. A Pixar al'ada ce a rushe aiki a sake ginawa har sai ya zauna. A fim mai ɗaruruwan ma'aikata da kaya a fili, kowace sakewa kuɗi ce tsagwaronta. Takardun da Disney ya shigar a Birtaniya sun nuna an kashe kimanin dala miliyan 307, aka sami rangwamen haraji ya sauko kusan miliyan 264, ban da kuɗin talla.

Michael Giacchino ne ya tsara kiɗan. An sadaukar da fim ɗin ga Steve Jobs, tsohon shugaban Pixar.

Kasuwa

A ƙarshen makon farko ya tara kusan dala miliyan 30 a Amurka, ya zo na biyu a bayan The Lorax, fim ɗin yara da ke makonsa na biyu. Jimillar Amurka ta tsaya a wajen miliyan 73. Waje ya fi karɓarsa, musamman Rasha, har jimillar duniya ta kai kimanin miliyan 284. A ido kamar an mayar da uwar kuɗi, sai dai gidajen sinima kan riƙe kusan rabin kuɗin tikiti. Kafin watan Maris ya ƙare Disney ya sanar cewa yana sa ran asarar kimanin dala miliyan 200. A Afrilu shugaban sashen finafinai, Rich Ross, ya ajiye aiki.

Dalilan faɗuwa

Ba a haɗu a kan dalili ɗaya ba. Wasu sun ɗora laifin a kan suna: an yi niyyar kiransa John Carter of Mars, aka yanke Mars ɗin, ya rage sunan mutum kawai da ba ya gaya wa mai sayen tikiti komai. Ana alaƙanta wannan da faɗuwar wani fim na Disney, Mars Needs Moms, a 2011, ko da yake Stanton ya bayar da wani bayani daban. Wasu kuma sun ce tallar ce ta gaza, don ba ta fito da sunan Burroughs ko tarihin darakta ba. Wanda ya yanke shawarar tallar, darakta ko kamfani, kowa da abin da yake faɗa. Masu sharhi sun rabu: an yaba hotuna da kiɗa, an soki ruɗanin labari da yawan baƙin sunaye.

Bayan haka

An soke kashi na biyu da na uku da aka tsara. Disney ya sanar da sayen Lucasfilm, kamfanin da ke da Star Wars, a Oktoban 2012, haƙƙin littattafan kuma ya koma hannun kamfanin magadan Burroughs a 2014. Stanton ya koma Pixar ya yi Finding Dory a 2016.