Me ya sa ma'aikatan jinya na sashen wankin ƙoda ke saurin ƙosawa da aiki?

Wace gajiya ake magana? Ai kowane ma'aikaci yana gajiya.

Ba irin wadda barcin dare ɗaya ke kawarwa ba ce. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana ta a matsayin matsalar da wahalar wurin aiki ke haifarwa, ba cuta ba. Alamominta uku ne: ƙarfi ya ƙare, aikin ya fita daga ran mutum har ya daina jin tausayin da ya saba ji, sannan ya riƙa ganin ba abin da yake tsinanawa.

To me ya bambanta wannan sashen da sauran?

Wanda ƙodarsa ta daina aiki yana buƙatar wanki, wato inji ya tace masa jini ya cire datti da ruwan da ya taru a jiki, sau 3 a mako, kowane zama kusan awa 4. Nas ce za ta haɗa injin, ta auna nauyin majinyaci, ta soka manyan allurai biyu a jijiyar hannun da aka yi wa tiyata don wannan aikin. Daga nan ido na kan inji, kunne na kan ƙararrawa. Jinin wannan ya faɗi, wancan ƙafa ta riƙe masa, ga na uku yana amai. Kafin ta gama tsabtace inji, wasu sun yi layi. Ga kuma kullum tana cikin jini, dole ta yi kaffa-kaffa da ciwon hanta nau'in B da C.

Amma a ganina abin da ya fi cin rai shi ne sabo. A ɗakin tiyata majinyaci yana warkewa ya tafi. A nan fuskokin nan dai su ne, shekara da shekaru, har ta san sunayen 'ya'yansu. Wanki kuwa ba ya warkar da ƙoda, sai dai a samu dashe. A asibitocinmu akwai ƙari: wanda kuɗinsa ya ƙare sai ya rage zuwa, ya dawo a kumbure yana numfashi da ƙyar, wata rana a ce mata ya rasu.

Shin hakan yana shafar majinyaci?

Ƙwarai. Wadda ta gaji ta fi saurin yin kuskure wajen saita yawan ruwan da za a cire. In kuma ƙwararriya ta ajiye aiki ko ta tafi ƙasar waje, sai an yi watanni ana horar da wata, nauyin ya koma kan waɗanda suka rage.

Haƙuri da hutu ba za su wadatar ba?

Suna taimakawa, amma maganar tana hannun hukumar asibiti: a ƙayyade yawan majinyatan da nas ɗaya za ta kula da su, a ɗauki masu gyaran inji, a bar ta ta ci abinci tsakanin zama da zama, a daina haɗa mata aikin safe da kiran dare. Wadda kuma ta kai ga rashin barci ko baƙin ciki mai tsanani, ta ga likita, kada ta ɓoye.