Ruwa yana kwanciya a ƙarƙashin sinkin kicin: daga ina yake fitowa?

Na tarar da kabad ɗin ƙarƙashin sinki a jiƙe. Ta ina zan fara?

Kwashe duk abin da ke ciki, su sabulu, bokiti da tsummoki, ka goge wurin da jikin bututan har su bushe ƙarau. Idan akwai soket a kusa, kashe wutarsa tukuna. Sai ka shimfiɗa tishu ko busasshiyar takarda a ƙasa, ka riƙe tocila.

Kada inda ruwan ya taru ya ruɗe ka. Ruwa yakan bi jikin bututu ya gangara, sai ya kai wuri mafi ƙasa ya ɗiga. Shi ya sa ake fara dubawa daga sama, ana shafa tishu a kowace mahaɗa. Mahaɗa mafi tsayi da ta jiƙa tishun, ita ce abar zargi.

Yaya zan gane ruwa mai shigowa ne ko mai fita?

Lokacin da yake ɗiga shi zai gaya maka. Tiyo da ke kawo ruwa zuwa famfo kullum cike yake da ruwa mai ƙarfi, saboda haka in shi ne ko makullin da ake rufe ruwansa, zai yi ta ɗiga ko famfo yana rufe, har cikin dare. Bututun fitar da ruwa kuwa ba ya yoyo sai an zuba ruwa a sinki. Ka bar wurin na awa ɗaya ba a taɓa famfo ba. In takardar ta jiƙe, ka nufi tiyo da makulli. In ta tsaya a bushe, saura gwaji.

Wane irin gwaji?

Nan ne ake bukatar haƙuri, don in ka gwada komai lokaci guda, komai zai jiƙe, ka koma gidan jiya. Toshe rariyar sinkin, ka cika shi da ruwa, ka bar shi kamar minti goma kana leƙen ƙasa. Idan ɗigo ya fara taruwa a gindin rariyar alhali ba ka saki ruwan ba, robar da ke tsakanin rariya da jikin sinki ce ta gaji, ko notinta ya kwance.

In shiru, cire matoshin, ruwan ya tafi gaba ɗaya. Wannan ambaliyar tana tona asirin yoyon da siririn ruwan famfo ba ya nunawa. Ka sa ido a kan lanƙwasasshen bututun nan mai siffar U, wanda ke riƙe ɗan ruwa don hana wari dawowa. Notocinsa sukan saki, musamman in ana yawan bugunsa da bokiti. Sinki mai gida biyu, kowanne a gwada shi daban.

Duk na yi, ban ga komai ba, amma bayan wanke-wanke wurin yana jiƙewa.

Ruwa ba ya tsami banza. Koma sama. Matse jiƙaƙƙen soso a gefen sinkin, inda ya haɗu da kantar kicin, wani yana duba ƙasa da tocila. Silikon da aka liƙe wurin da shi yakan tsage, ruwan wanke-wanke ya riƙa sulalewa ta nan. Sannan kunna famfo ka juya wuyansa hagu da dama. In ruwa yana tsattsafowa a gindinsa, ƙananan zobban roba na ciki ne suka cinye. A ganina waɗannan wurare biyu su aka fi mantawa da su, don hankalin kowa yana kan bututu.

Bututun duk jikinsa a jiƙe yake, ba a mahaɗa kaɗai ba.

Wataƙila gumi ne kawai, ruwa mai sanyi a ciki, iska mai ɗumi da laima a waje. Goge shi ka bar ƙofar kabad a buɗe ka gani.

Ɗigo ne kaɗan, ba zan iya sa kwano in bari ba?

Na kwana ɗaya ko biyu, to. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa ɗigo ɗaya a kowane sakan yana ɓarnatar da fiye da galan 3,000 a shekara, wato sama da lita 11,000. Katakon kabad kuma yana kumbura ya ruɓe, fumfuna tana iya kama wurin da ya zauna a jiƙe awa 24 zuwa 48.

Na gano wurin. In gyara da kaina?

Notin roba da ya saki, ɗaure shi da hannu. Kada ka matse shi da sifana da ƙarfi, tsagewa yake yi. In bai daina ba, kwance shi ka canza robar ciki, amma sa bokiti a ƙasa, don lanƙwasar tana ɗauke da ruwa. Tiyo da ya yi tsatsa ko ya kumbura, rufe makulli ka canza shi gaba ɗaya, liƙi ba ya riƙe shi.

Idan kuwa danshin daga bango ko daɓe yake fitowa, ko makullin ya ƙi rufuwa, ko mitar ruwa tana tafiya alhali duk famfunan gidan a rufe suke, rufe babban makullin gidan ka kira mai gyaran famfo.