Kafin a ɗora babban kare a mota a tafi kashta

Sanyi ya shigo, lokacin kashta ya yi, wato fita shaƙatawa a sahara da ake yi a Saudiyya. Duk wanda ya zauna a Jidda ko Madina ya san yadda ake yi: a loda tanti da darduma da itace da butar shayi, a nufi sahara. Wasu ba sa tsayawa a Tabuka, sai sun kai Haƙal da ke bakin iyaka sun tsallaka Jodan, su kwana a saharar Wadi Rum. A asibitin dabbobin da nake aiki, 'yan'uwanmu kan zo da tambaya kan tafiya da kare, wasu karnukan nasu ne, yawanci kuwa direbobi ne da maigida ya ce musu da karen gida za a tafi. Kusan kowa sai ana jibi tafiya yake zuwa.

Maganar takardu gajera ce. Ana dasa wa kare 'yar na'urar shaida mai lambobi 15 a ƙarƙashin fata, a yi masa allurar rigakafin haukan kare, likita ya ba da takardar lafiya. Allurar farko ba ta kama jiki sai ta yi mako uku, don haka wadda aka yi ana jibi tafiya ba ta da amfani. Ka kuma nemi izinin dawo da shi daga Ma'aikatar Muhalli, Ruwa da Noma tun kafin ka tashi, domin Saudiyya na da ƙa'ida kan shigo da kare: na farauta ne, ko na gadi, ko mai yi wa makaho jagora.

Daga Jidda zuwa bakin iyaka ya haura kilomita 1,000. Kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake fitar da zafi. Mai kilo 40 yana shan lita biyu ko fiye a rana yana kwance a inuwa, balle a bayan mota. Ka ware masa jarkarsa da kwanonsa, dama a fiƙihu ba a haɗa ƙwarya da shi. Kada a kulle shi a mota a tafi salla ko cin abinci, ko da a watan Janairu ne. Kada kuma a cika masa ciki sannan a sake shi ya yi ta gudu a rairayi: manyan karnuka masu faɗin ƙirji tumbinsu kan murɗe, ciki ya kumbura, yana kakarin amai ba abin da ke fita. Wannan sai tiyata cikin sa'o'i, kuma a sahara ba likita.

Abin da ya fi damuna shi ne wurin yanka. Kashta ba ta cika sai an kayar da rago, kuma hannu ya saba jefa wa kare huhu da hanta ɗanye. In ka ga wasu ƙululu masu ruwa a jikinsu, 'ya'yan tsutsa ne a ciki. Kare ya ci, tsutsar ta girma a hanjinsa, shi garau. Ƙwanta sai ya biyo kashinsa, ya manne a gashinsa. Yaro ya shafa shi ya sa hannu a faranti, shi ke nan. Shekaru za su wuce ba a san komai ba, sai wata rana hoto ya nuna ƙullin ruwa a hantar mutum ko huhunsa, a wasu lokutan sai an yi fiɗa. Raƙumi ma na ɗauke da ita. Kayan cikin da ba za a ci ba, a ƙone su ko a binne da zurfi, domin rami na wasa kare ko dila zai tone. A binne kashin karen nesa da tanti, a wanke hannu da sabulu kafin a zauna kan kabsa, dafa-dukan shinkafa da nama. Da an dawo gida a ba shi maganin tsutsa mai suna firazikwantel.

Da dare a ɗaure shi kusa da tanti. Na san masu cewa ai don gadi aka kawo shi, to haushinsa ya isa gadi. In ya yi yawo zai gamu da kunama da maciji, ko dila da yanyawa, waɗanda kan ɗauki haukan kare. Cutar nan tana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara a duniya, kuma da alamunta sun bayyana kusan ba a tashi. Duk wanda aka ciza ko aka yakusa, ko da karen gida ne, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, a kwashe tanti a nemi asibiti a ranar.

Da safe kafin a naɗe darduma, a duba kunnuwansa da tsakanin yatsunsa, nan kaska ke laɓewa.